Kada hasashen watan Oktoba ya hana ku sayen rigar sanyi

Da zarar watan Oktoba ya kama a Amurka, Kanada da ƙasashen Turai, labaran yadda sanyin bana zai kasance sukan cika wayar mutum. Wata jarida ta ce ana tafe da sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, wata ta ce a'a, bana da sauƙi saboda El Nino, wato ɗumamar ruwan Tekun Fasifik. Baƙon da ya sauka a Agusta ko Satumba, wanda kuɗin hannunsa ƙidayayyu ne, sai ya shiga lissafi: in sayi babbar rigar nan yanzu ko in dakata in gani? In sa wa motar tayoyin sanyi, ko bana za a tsallake? Shawarata gare ku, 'yan'uwa, kada ku ɗora ko ɗaya daga cikin waɗannan a kan hasashen wata uku. Masu yin sa ba maƙaryata ba ne, amma tambayar da suke amsawa daban take da wadda ke damun ku.

Hasashen kwanaki kaɗan abin dogaro ne ƙwarai. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta ce hasashen kwana 5 yakan dace kusan sau 9 cikin 10, na kwana 7 kusan sau 8 cikin 10, amma daga kwana 10 zuwa sama sai ya koma kusan rabi da rabi. Dalilin wannan raguwa ba ƙarancin kwamfuta ba ne kawai. A 1961 wani masani mai suna Edward Lorenz yana gwajin lissafin yanayi a jami'ar MIT, sai ya so ya maimaita wani gwaji. Maimakon ya shigar da 0.506127 sai ya taƙaita ya rubuta 0.506, yana ganin bambancin bai kai ya kawo ba. Da farko sakamakon ya bi sahun na baya, daga nan ya fara karkacewa, har ya zama babu abin da ya haɗa su. Abin da ya gano shi ne, iska ba ta yafe ƙaramin kuskure, ninka shi take yi kullum. Tunda babu yadda za a auna kowane lungu na sararin sama daidai wa daida, akwai iyakar da ba a ƙetarewa, kuma masana sun sa ta wajen mako biyu.

Saboda haka ne cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, mai hedikwata a garin Reading na Ingila, ba ta tsayawa ga lissafi guda. Takan maimaita shi sau 50 da ɗoriya, kowane karo da ɗan bambanci a alƙaluman farawa. Idan sakamakon duka ya nufi wuri ɗaya, a yi magana da ƙarfin gwiwa. Idan ya watse, a ce babu tabbas. Manhajar da ke wayarku ba ta nuna muku wannan watsewar. Hoton gajimare ɗaya da lamba ɗaya take sa wa rana ta goma sha huɗu, kamar yadda ta sa wa gobe. Akwai ma masu jero kwana 45 ko 90 rana-rana. Abin da ke bayan mako biyu a irin wannan jeri, galibinsa matsakaicin shekarun baya ne aka yi wa kwalliya.

To hasashen wata uku fa, me yake faɗa? A nan ne aka fi samun rashin fahimta, don haka bari in ɗan tsaya. A tsakiyar Oktoba NOAA takan fitar da taswirar Disamba zuwa Fabrairu. Ana ɗaukar shekaru 30, daga 1991 zuwa 2020, a kasa lokutan sanyinsu gida uku: waɗanda suka fi ɗumi, matsakaita, da waɗanda suka fi sanyi. In babu wata alama, kowane gida yana da kashi 33 cikin 100. Idan kuka ga an shafa wa jiharku launin ɗumi an rubuta 40, ma'anarsa yiwuwar ɗumi ta tashi daga 33 zuwa 40, matsakaici yana nan a 33, sanyin da ya wuce matsakaici kuma har yanzu yana riƙe da kusan 27. Wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Jarida kuwa za ta rubuta kanun labari cewa bana babu sanyi.

Abu na biyu, ɗumin da ake nufi ana gwada shi ne da abin da garin ya saba. A Winifeg ta Kanada matsakaicin watan Janairu yana wajen digiri 16 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. In aka samu sassaucin digiri biyu, masana za su kira shi shekara mai ɗumi, alhali wanda ya fita babu safar hannu yatsunsa ba za su san da wani sassauci ba.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Hasashen yana magana ne a kan matsakaicin kwana 90, amma abin da ke fasa bututun ruwa, ya kashe batirin mota, ya kai mutum asibiti, mako ɗaya ne, wani lokaci dare biyu. A Oktoban 2020 taswirar NOAA ta karkata ga ɗumi a kudancin Amurka, domin shekarar La Nina ce, wato hucewar ruwan Tekun Fasifik, kuma haka aka saba gani. A tsakiyar Fabrairun 2021 sanyi ya sauko jihar Teksas da ke kudancin ƙasar, gidaje da wuraren sana'a fiye da miliyan 4 suka rasa lantarki, kuma alƙaluman hukumar lafiya ta jihar sun nuna mutum 246 ne suka rasu. Lokacin sanyin 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a Kanada zuwa wannan shekarar, kuma masu hasashe sun hango hakan saboda El Nino mai ƙarfi. Hasashensu ya yi daidai. Duk da haka a tsakiyar Janairun 2024 ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 40 ƙarƙashin sifili a filin jirgin Edmonton, har aka aika wa mutanen lardin Albata saƙon gaggawa a waya cewa su rage amfani da lantarki. Wanda ya ƙi sayen rigar kirki saboda an ce bana da sauƙi, a wannan makon zai gane cewa shi da mai hasashen ba abu ɗaya suke nufi ba.

Waɗanda suka sauka a Turai, ku naku hasashen ya fi ma rauni. El Nino da La Nina, wato ɗumama ko hucewar ruwan Tekun Fasifik a daidai tsakiyar duniya, suna daɗewa watanni, shi ya sa ake iya gina hasashe a kansu, kuma tasirinsu ya fi fitowa a Amurka da Kanada. Sanyin Ingila, Faransa da Jamus ya fi rataya a kan yadda iska ke kaɗawa a saman Tekun Atlantika, ita kuwa tana iya juyawa cikin makonni. Hukumar yanayi ta Birtaniya ta ɗanɗana wannan: hasashenta na lokacin sanyin 2009 zuwa 2010 ya karkata ga sauƙi, sai aka yi sanyin da ƙasar ba ta gani ba tun 1979. A Maris 2010 ta daina fitar wa jama'a hasashen a wancan tsari. Wanda take fitarwa yanzu an tsara shi ne domin hukumomi masu tanadin gaggawa. Su ne ainihin masu cin moriyarsa: kamfanin gas da ke lissafin abin da zai adana, ƙaramar hukumar da ke sayen gishirin zubawa a titi. Ga irin waɗannan, bambancin 33 da 40 kuɗi ne mai yawa. Ga mai sayen riga ɗaya kuwa, babu abin da ya canja.

A shagunan Amurka za ku ga wasu ƙananan littattafan shekara-shekara na manoma da ke faɗar yanayin shekara sukutum, ɗaya daga cikinsu ana buga shi tun 1792. Masu shi suna iƙirarin dacewa kashi 80 cikin 100. Da masana a Jami'ar Ilinoi suka bi diddiginsa a 1981, sun same shi a wajen kashi 50, daidai da mai canki-canka. Ku karanta don nishaɗi in kuna so.

Abin da ya kamata ku dogara da shi yana nan a fili, kuma kyauta ne: tarihin garin da kuke. Ku shiga shafin hukumar yanayi ta ƙasar ku nemi abu uku. Yaya daren Janairu yake a matsakaici? Ina ne mafi ƙasa da ma'auni ya taɓa kaiwa a 'yan shekarun nan? Yaushe dusar ƙanƙara ta saba fara sauka? Sai ku yi shiri domin mako mafi muni, domin kusan kowace shekara tana da nata. Ku ƙara da tambayar maƙwabcin da ya daɗe a unguwar, musamman in kuna kusa da manyan tafkunan Amurka, inda dusar ke zaɓar wuri. A Nuwamban 2014 wasu unguwannin kudancin birnin Bafalo da ke jihar New York sun samu kusan mita biyu, yayin da 'yan kilomitoci a arewa abin da ya sauka bai taka kara ya karya ba. Babu taswirar wata uku da za ta nuna muku wannan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin Oktoba ya ƙare a ce kowa a gidan, har yara, yana da riga mai tare iska, da na ciki masu ɗumi da za a jera biyu ko uku, da hula mai rufe kunne, da safar hannu, da takalmin da ruwa ba ya shiga kuma ƙasansa ba ya santsi. A kunna na'urar ɗumama gida a gwada ta tun ba a buƙace ta ba, in da matsala a sanar da mai gida a rubuce, domin ranar da sanyi ya sauka masu gyara ba sa samuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18, kuma ko tafiya za ku yi kada ku kashe ɗumamar gaba ɗaya, bututu ne zai daskare ya fashe. Batun taya a wurare da yawa ma doka ta riga ta yanke: a lardin Kubek na Kanada sa tayar sanyi wajibi ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Jamus kuma laifi ne a kama ka kana tuƙi a kan ƙanƙara da tayar bazara, ko da wane wata ne. Robar tayar bazara takan fara taurarewa da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7, tun kafin a ga dusa. A ajiye tocila, bargo, ruwan sha da batirin cajin waya a gida da cikin mota.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon ku da girman Allah. In wuta ta ɗauke, kada a kunna gawayi ko janareta a cikin gida ko gareji, kada kuma a zauna cikin mota tana aiki a rufaffen wuri. Iskar da ke fita ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, kuma cikin waɗanda suka rasu a Teksas akwai waɗanda ita ce ta kashe su. A tabbata na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iska tana aiki.

Tsakanin mako biyu da wata guda akwai wata 'yar taga da ta cancanci a saurara. A can sama, wajen kilomita 30, akwai iska mai ƙarfi da ke kewaya ƙuryar arewacin duniya tana riƙe da sanyi a wurin. Wani lokaci sararin yakan ɗumama farat ɗaya, iskar ta raunana, bayan mako biyu ko uku sanyin ya kwararo kudu. Haka ta faru a tsakiyar Fabrairun 2018, kuma kafin watan ya ƙare dusa ta tsayar da jirage da makarantu a Birtaniya da Ailan. Ba kowane karo ne sanyin ke biyo baya ba, kuma ba a sanin wace nahiya zai faɗa wa sai an matso. Amma in kuka ji hukumar yanayi da kanta ta ambaci wannan, ku duba tanadinku.

Damuwata ita ce kada wanda ya ga hasashen nesa ya sha kuskure ya raina na kusa. Guguwar dusar da ta afka wa Bafalo daga 23 ga Disamban 2022 an yi ta gargaɗi a kanta kwanaki kafin ta iso, amma fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a kan hanya. Sabon zuwa yakan ji nauyin kiran wurin aiki ya ce ba zai iya fitowa ba, yana tsoron a ce masa rago. Ku kira. In hukuma ta hana tuƙi, magana ta ƙare. A Birtaniya gargaɗin launi uku ne, rawaya, ruwan lemo da ja, kuma ja na nufin akwai barazana ga rai. Ku saukar da manhajar hukumar ƙasar da kuke, ku bar saƙonninta a kunne, ku riƙa dubawa da dare da kuma safe kafin fita.

Sa'ad da kuke dubawa, ku lura da wane ma'auni ake amfani. Amurka Faranhait take bi, inda 32 ne ruwa ke daskarewa, don haka 20 a wayar mazaunin Shikago na nufin kusan 7 ƙasa da sifili a Selshiyas. Ku duba kuma lamba ta biyu, wadda ke haɗa sanyi da ƙarfin iska. Bisa jadawalin hukumar yanayi ta Kanada, idan wannan lambar ta kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kuma jiran bas kaɗai yakan kai haka.