Gida a ƙauye, aiki a birni: kurakuran da masu saye suka fi yi

Gidan da ke ƙaramin gari, tafiyar awa ɗaya ko ƙasa da haka daga birni, yana da saurin shiga rai. Ga fili wadatacce, ga iska, dare shiru, farashi kuma bai kai na cikin gari ba. Sai dai yawancin masu saye ranar hutu suke zuwa dubawa, da hantsi, hanya fayau, mai gida ya share ko'ina tas. A duk shekara babu ranar da gidan ya fi kyau kamar wannan, kuma a kanta ake yanke shawara. Daga nan kusan duk nadamar take tasowa: an gwada wurin a lokacin daɗinsa, ba a gan shi a lokacin wahala ba.

Kuɗin da hanya ke ci

Mutane kan kwatanta farashin gidan ƙauye da na birni, su ga rata, su ce sun yi riba, ba su sa hanya a lissafi ba. A ce tsakaninka da wurin aiki kilomita 40 ne. Zuwa da dawowa 80 ke nan. Kwana 5 a mako, mako 48 a shekara, kwana 240, wato kilomita 19,200. Motar da ke shan lita 8 a kowace kilomita 100 za ta sha lita 1,536 a zuwa aiki kaɗai. Baƙin mai ana juye shi a tsakanin kilomita 5,000 da 10,000, ka ga sau biyu zuwa huɗu a shekara. Tayoyin da ke kai kilomita 40,000 zuwa 60,000 sun ƙare a shekara biyu ko uku, in ramuka ba su riga su ba. Sannan ga abin da aka fi mantawa: gidan da mota ɗaya ke isarsa a birni, a can sau da yawa sai biyu, don in ka fita da ita tun asuba iyali sun zauna ke nan.

Lokaci ma kuɗi ne ko da ba ya fita daga aljihu. Awa ɗaya zuwa, awa ɗaya dawowa, awa 480 a shekara, kwana 20 cur dare da rana a bisa kujerar mota.

Gyaran shi ne a haɗa kuɗin gida da na sufuri a matsayin abu ɗaya. Ma'aunin da masana tsara birane ke amfani da shi yana cewa gida kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da ke shigowa, gida da sufuri a haɗe kada su wuce 45. In lissafinka ya haura haka, arahar gidan ta tafi a kwalta. Kada kuma ka yarda da “minti arba'in ne kawai” daga bakin dillali. Ka kwana a garin, ka tashi ranar aiki a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka auna da agogo. Ka maimaita da yamma a ranar ƙarshen mako, ka sake bi da dare, ka sake bi ana ruwa. In jirgin ƙasa ko bas za ka dogara da shi, abin tambaya shi ne ƙarfe nawa na ƙarshe ke barin birni, da abin da za ka yi ranar da ya wuce ka. Ka kuma nemi hanya ta biyu. Garin da gada ɗaya ce mashigarsa, ranar da aka rufe ta babu fita.

Takardu da iyaka

Ba a cinikin biri a sama. Hoton takardar mallaka da mai sayarwa ya miƙo maka ba hujja ba ce. Lauyanka, wanda kai ka ɗauka kuma kai ke biyansa, shi zai je ofishin rajistar filaye ya tabbatar da abu uku: sunan da ke rajista shi ne na mai sayarwa, ba a jinginar da gidan ga banki ba, babu shari'a ko bashin haraji a kansa. Gidajen karkara da yawa na gado ne, kuma wanda ke zaune a ciki ba lallai shi kaɗai ke da haƙƙi ba. In magada biyar ne, sa hannun biyar ake so, ko takardar wakilci da doka ta amince da ita.

Shinge ko layin itatuwa ba iyaka ba ne. Sau da yawa an kafa su ne inda ya fi sauƙi, shekaru suka bi ta kai. Ka ɗauki safiyo mai lasisi ya nemo turakun iyaka, ya auna, ya gwada da abin da ke takarda, kuma a yi haka maƙwabta suna tsaye. Nan ne ake gano cewa rijiya ko gareji ya shiga filin wani da mita biyu.

Hanyar shiga gida ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Wata turba ce ta bi ta gefen gonar maƙwabci, an daɗe ana bi, babu wanda ya taɓa magana. Ranar da gonar ta canza hannu, sabon mai ita ya kafa ƙofa. Haƙƙin wucewa dole ya kasance a rubuce cikin takardun fili, da faɗin hanyar da wanda gyaranta ke kansa. Haka nan ka duba a wane aji hukuma ta sa filin. Wanda aka rubuta na noma ne, za a iya hana ka ƙara ko ɗaki ɗaya sai an sauya masa aji. Kuɗin kafin alƙalami kuwa, kada a ba da shi sai da sharaɗi a rubuce cewa za a mayar in binciken takardu ko na gini ya nuna matsala, kuma ta banki, ba hannu da hannu ba.

Ruwa, da inda ƙazanta ke tafiya

A birni ka buɗe famfo, sauran aikin na hukuma ne. A karkara, in gidan rijiya ko burtsatse yake sha, kai ne hukumar ruwan kanka. Kuskuren da aka saba shi ne a murɗa famfo, a ga ruwa ya zubo garau, a ce lafiya lau. Wannan ruwan tanki ne, bai gaya maka komai game da rijiyar ba.

Ga yadda ake gwadawa. A kunna injin da ke jan ruwa daga rijiyar, a tari ruwan kafin ya shiga tanki, a cika jarka mai lita 20 ana duba agogo. In ta cika a minti ɗaya, rijiyar tana ba da lita 20 a minti. A bar injin yana aiki awa biyu zuwa huɗu, ana maimaita awon duk rabin awa. Idan lokacin cikar jarkar ya ninka, ko ruwan ya fara gurɓacewa, ko bututu ya fara tofar da iska, rijiyar ba ta mayar da abin da ake ja. A ƙarshen rani gwajin yake faɗin gaskiya, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya. Mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana, gida mai mutum shida lita 300 zuwa 600, ban da ban-ruwan lambu.

Tsabtar ruwa ba a gane ta da ido ko da harshe. A kai samfur ɗakin gwaji cikin kwalbar da su suka bayar, a sanyaye, a ranar da aka ɗiba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, sinadarin fuloraid miligiram 1.5, gubar asanik miligiram 0.01. Naitiret ne ya fi damun gidajen da gonaki suka kewaye, domin daga taki da kashin dabbobi yake tsiyaya zuwa ƙasa, kuma yana da haɗari ga jarirai, yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi saboda ruwa ne ke tafiya ya bar shi. Ƙwayoyin cuta kuwa ana kashe su da kulorin, a sake gwaji bayan mako ɗaya ko biyu. In sun dawo, akwai inda ƙazanta ke shiga, sai a duba bakin rijiyar: ya kamata ya ɗaga aƙalla santimita 30 daga ƙasa, da murfi, da daɓen siminti mai gangara zuwa waje.

Daga nan sai ka tambayi inda tankin bayan gida da sokawe suke, ka sa a nuna maka murfinsu. Abin mamaki, masu gida da yawa ba su sani ba, wanda ke nufin ba a taɓa kwashewa ba. Tazarar da aka fi bi ita ce aƙalla mita 15 tsakanin rijiya da tankin, mita 30 tsakaninta da inda ruwan ke tsotsewa a ƙasa, rijiyar kuma ta kasance a tudu, sokawen a gangare. Na maƙwabci ma a lissafa shi, ruwan ƙasa bai san katanga ba. Ana kwashe tanki duk shekara 3 zuwa 5. Ciyawa kore shar a wuri ɗaya alhali ko'ina ya bushe, wari bayan ruwan sama, ko masai mai gurnani in an kora ruwa, duk alamun sokawen ya toshe ne. In sabo za a haƙa, a fara tona rami mai faɗin santimita 30 zuwa zurfin da bututu zai kwanta, a cika da ruwa da yamma. Idan gari ya waye ruwan yana tsaye, ƙasar ba ta sha, wani tsarin ake buƙata, kuma ya fi tsada.

Ambaliya da bango

Kalmar “ambaliyar da ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗari” tana ruɗar mutane. Ma'anarta yiwuwar zuwanta kashi 1 cikin ɗari ne a kowace shekara, kuma in aka tara shekara 30 na biyan bashin gida, yiwuwar ta same ka ta kai kashi 26. Ka duba taswirar ambaliya in akwai, amma gidan kansa ma yana magana: sabon fenti a mita ɗaya na ƙasan bango kawai, tsatsa a gindin ƙofofin ƙarfe, farin gishiri yana tsattsafowa daga filasta, maƙwabta duk sun ɗaga dokin ƙofa. Wata dabara mai sauƙi ita ce ka nemi kamfanin inshora ya yi maka farashi kafin ka biya. In sun ƙi, ko sun tsawwala, sun san abin da ba a gaya maka ba.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi, ta filasta ce. Wadda ta wuce milimita 5, tana hawa kamar matakala tana bin layin bulo, ta fi faɗi a gefe ɗaya, ana ganinta ciki da waje, ga ƙofofi suna cijewa, wannan harsashin ginin ne ke motsi, sai injiniya. Ƙasar laka ce ta fi jawo haka, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, manyan itatuwa kusa da bango kuma suna ƙara abin. Ƙasar da ke kewaye da gida ya kamata ta gangara waje da kamar santimita 15 a mita 3 na farko. Ka hau cikin silin da tocila, ka soki katakon rufi da sukurdireba. In ya nutse, ko ka ga hanyoyin ƙasa a jikinsa, gara ta riga ka shiga. Tsohon rufin asbestos kuma kada a fasa shi ko a huda, ƙurarsa ce cutar.

Wuta da sabis a gwada su da yamma, lokacin da kowa ya dawo ya kunna kayansa. Gidan da ke ƙarshen layi, nesa da taransifoma, wutarsa kan yi rauni, kuma raunin wuta ne ke ƙona injin rijiya da firji. Sabis kuwa a cikin ɗakin da za ka yi aiki za ka gwada shi, ƙofa a rufe, da layi biyu daban, kiran bidiyo na minti goma.

Zama da mutane, da ranar tashi

Filin da ke bayan gida mai ban sha'awa ba naka ba ne. Yau gona ce, gobe yana iya zama rukunin gidaje, gidan kaji ko wurin fasa dutse, kuma ofishin tsara gari zai nuna maka abin da aka nemi izininsa. Ko gonar ta zauna, tana zuwa da feshi, warin taki da ƙarar tarakta tun duku-duku. Manomi ya riga ka zuwa, ƙorafi ba zai tashe shi ba. Ka auna tafiyar asibitin da ke karɓar gaggawa da dare, ka kuma tambayi yadda yara za su je makaranta ranar da kai kana hanya.

Masu aiki a birni sukan mayar da garin wurin kwana kawai, su shekara ba su san sunan na kusa da su ba. Gidan da babu kowa awa goma sha biyu a rana, idon maƙwabci ne tsaronsa, kuma shi ne zai gaya maka wane mai gyaran famfo ne ke zuwa in an kira shi. A ware kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na darajar gidan duk shekara don gyara, tsohon gida mai rijiya da sokawe ya fi kusa da 2.

Sayarwa ma tana da jinkiri a ƙaramin gari, saboda masu nema kaɗan ne, kuma darajar gidajen tana rataye da hanya ɗaya ko tasha ɗaya. Wanda bai tabbata zai yi shekara biyar ba, kuɗin lauya, la'ada, rajista da haraji na shiga da na fita suna iya cinye duk abin da gidan ya ƙara. Shi ya sa haya ta shekara ɗaya a garin kafin saye ta fi kowane bincike: za ka ga damina da rani, ka san unguwar da ruwa ke kwanciya, ka kuma ji gidan da za a sayar kafin labarinsa ya kai ga dillalai.