Cefanen gida mai ƙananan yara

Assalamu alaikum iyayen gida. Sayen ƙulli-ƙulli a shagon bakin layi shi ke cinye kuɗin cefane: yau sukari, gobe madarar leda, jibi man gyaɗa rabin kwalba, wata bai raba ba aljihu ya bushe.

Ku haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku, ku sayi buhun masara ko gero ku raba da kwano. 'Yan Kano kun san Dawanau ce ta hatsi, 'Yankaba ta kayan miya. Da kaka hatsi ya fi araha, wajen Nuwamba zuwa Disamba. Wake kuwa a shanya shi ya bushe sosai, a ɗura a jarka a toshe kam, ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Tumatir da tattasai in sun cika kasuwa da hunturu, a yanka a yi kauɗa kafin tsadar damina.

Yaron da ya wuce wata 6 ba sai da abincin gwangwani ba. A soya gero, waken suya da gyaɗa daban-daban, a niƙa tare, a riƙa dama masa kunu, nonon uwa kuma na nan. Waken suyan dai ya soyu sosai, in ba haka ba yana ɓata ciki. Ranar da nama ya gagara, alala ko awara ko ƙwai sun wadatar.

In da hali, bar yaran a gida ranar kasuwa. Kuɗin biskit da alewa kaɗai ya isa sayen albasar mako.