Yadda Ake Muhawara a Aji Ba Tare da Masu Baki Sun Cinye Fili Ba

Duk malamin da ya taɓa koyar da Turanci a aji biyar ko shida na firamare ya san yadda muhawara kan kaya. Akan zaɓo yara uku ko huɗu masu baki, a rubuta masu jawabi su haddace, su fito suna gaida shugaba da alƙalai da mai kula da lokaci cikin Turancin da ba su san ma'anarsa ba, sauran aji kuwa na kan benci ko tabarma suna kallo. Ni ba wannan nake nufi ba. Ina nufin wadda yarinyar nan ta bayan aji, da tun shigowar zango ba a ji muryarta ba, za ta faɗi jimla ɗaya da bakinta.

Ka fara da zaɓen batun da yara za su iya musu a kansa ko a ƙofar gida. Rani da damina, wanne ya fi daɗi? Akuya da kaza, wacce ta fi amfani a gida? Ka guji addini da siyasa da duk abin da zai taɓo sana'ar iyayen wani. Tsohon batun nan na likita da malami ma a bar shi ya huta, domin sun riga sun ji amsoshinsa a bakin yayyensu.

Ana gobe muhawara, ka raba ajin gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kowane gida kuma ka karkasa shi rukuni-rukuni na yara biyar ko shida, ka cakuɗa gwanaye da masu kunya. Sai ka ba su minti 10 su yi musunsu da Hausa. Na san wasu malamai za su ɗaure fuska a nan, tunda akwai makarantun da har hukunta yaro ake yi idan ya yi Hausa a darasin Turanci. Amma yaron da bai san abin da yake son faɗa ba, da wane Turanci zai faɗe shi? In hujja ta nuna a Hausa, sai ka zaga kana tambaya wace kalma suka rasa, ka rubuta a allo, tare da mabuɗan jimla uku kacal: "I think", "because", "I disagree".

Rabon aiki shi ne zuciyar abin, kuma nan aka fi kuskure. An saba ba gwani buɗewa. Ka juya shi. Mai kunya ya buɗe, domin jimlar buɗewa ana iya shirya ta tun jiya, a karanta daga takarda ma ba laifi. Sarkin surutu kuwa ka ba shi mayar da martani, aikin da hadda ba ta yi masa rana, dole sai ya kasa kunne ya ji abin da abokan hamayya suka ce. Na tsakiya su kawo misalai. Monita ya riƙe agogo.

Da safe, kafin a fara, kowa ya juya ga na kusa da shi ya maimaita jimlarsa sau biyu, duk aji a lokaci ɗaya. Za a yi hayaniya, ka jure. A cikin wannan hayaniyar ne mai kunya ke gwada muryarsa ba wanda ya zuba masa ido.

Sannan ka ba kowane mai magana murfin kwalbar lemo biyu. Ya yi magana, ya ajiye ɗaya a kan teburinka. Sun ƙare, ya yi shiru. Rabin minti ya isa wa kowa, tunda darasin bai wuce minti 35 ko 40 ba. In ajin ya cika maƙil, rukuni biyu su kara yau, wasu biyun mako mai zuwa, sauran su zama alƙalai.

Kada ka ce wa yarinya "ɗago kai ki dube ni". A gida an koya mata sunkuyar da kai gaban babba, ba za ka warware wannan cikin minti ɗaya ba. Ta dubi ƙawarta, ko ta yi magana daga mazauninta. Mai in'ina kada a ƙarasa masa magana. Kuskuren nahawu kuma ka rubuta shi a littafinka ka yi shiru, gobe ka gyara a allo ba tare da ambaton suna ba. Dariya ce babbar matsala, maganinta kuwa a faɗa tun farko: gidan da ya yi wa wani dariya za a rage masa maki ɗaya.

Wajen ba da maki, hujja mai kyau maki ɗaya, sabuwar muryar da ba a saba ji ba maki biyu. Za ka ga gwanayen da kansu suna lallashin masu kunya: "Haba, tashi mana, kin iya fa!" Kafin a kaɗa ƙararrawar tara, ka sanar da su cewa a zagaye na gaba 'yan damina su ne za su kare rani.