Haruffan Girkanci a Ƙirjin Ɗalibai: Abin da Sabon Zuwa Jami'ar Amurka Zai So Ya Sani

A makona na biyu a jami'a, wata ranar Juma'a da yamma, na fito daga ɗakin karatu ina sauri kada la'asar ta wuce ni. Sai na tarar da dandalin makaranta ya cika maƙil. Samari kusan goma sun yi layi, kowa sanye da baƙar riga mai rubutun ruwan zinariya, suna buga ƙafa a ƙasa tare, suna tafi, suna amsa wani kirari da murya ɗaya. Hanyata ta bi ta tsakiyarsu, na kuwa nufi in ratsa. Wani ɗan Gana da ya riga ni zuwa da shekara biyu ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, zagaya. Ba a tsallaka layinsu." Da dare na ba Hajiya labari a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kul! Karatu na tura ka, ba shiga ƙungiyar asiri ba."

Hajiya tana da hujja. Duk wanda ya san abin da ƙungiyoyin asiri suka yi a jami'o'in Najeriya, dole gabansa ya faɗi in ya ga samari da alama iri ɗaya da kirari. Ta farko a gida ma, wadda Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952, da kyakkyawar niyya ta fara, sai daga baya wasu suka ɓalle, abin ya rikiɗe ya zama sara da harbi. Amma na Amurka, waɗanda suke kira firataniti ga maza, sororiti ga mata, ƙungiyoyi ne masu rajista. Jami'a ta san da su, akwai ofishin da ke sa musu ido, sunayen shugabanninsu a bayyane suke. Abin da suke ɓoyewa shi ne yadda ake rantsar da sabon mamba da ma'anar wasu alamominsu. Wannan bai sa sun zama tsarkaka ba, zan zo kan haka.

Al'adar ta tsufa. Ta farko mai suna da haruffan Girkanci, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776 a Kwalejin William da Mary da ke Virginia, shekarar da Amurka ta ayyana 'yancinta. Amma samarin da na gani a dandali 'yan Alpha Phi Alpha ne, kuma tarihinsu shi na fi so ƙanena da ya sauka jiya ya sani, domin ya shafi duk mai baƙar fata a wannan ƙasa.

A farkon ƙarnin da ya wuce, ɗalibai baƙaƙe a Jami'ar Cornell da ke garin Ithaca a jihar New York ba su taka kara sun karya ba. Ƙungiyoyin Turawa ba sa karɓarsu, alhali a gidajen waɗannan ƙungiyoyi ne ɗalibi ke samun wurin kwana, abinci, abokan karatu da wanda zai nuna masa hanya. Wasu daga cikin baƙaƙen ma a irin waɗannan gidaje suke aikin rarraba abinci don su haɗa kuɗin makaranta. Kaɗaici da wariya sun sa da yawa suna barin karatu. Sai 'yan kaɗan suka fara haɗuwa suna bitar darasi tare, suna ɗebe wa juna kewa. Ranar 4 ga Disamba, 1906, mutum bakwai daga cikinsu suka mai da zaman ya zama cikakkiyar ƙungiya. Akwai Henry Arthur Callis da ya zama likita, da Vertner Woodson Tandy, baƙar fata na farko da ya sami lasisin zanen gine-gine a jihar New York, da Eugene Kinckle Jones wanda ya daɗe yana jagorantar ƙungiyar National Urban League mai fafutukar kare haƙƙin baƙaƙe. Har yau mambobi suna haddace sunayen bakwai ɗin nan kamar yadda muke haddace sunayen kakanni.

Duk lokacin da na karanta wannan, sai in tuna yadda mu ma muke taruwa a ɗakin mutum ɗaya ranar Asabar, a dafa shinkafa da miya, a duba wa juna aikin gida, a tambayi wanda kuɗin hayarsa bai cika ba. Buƙatar iri ɗaya ce.

Yadda ake raɗa wa rassa suna yana rikita sabon zuwa, amma da sauƙi. Bin jerin haruffan Girkanci ake yi. Uwar gida a Cornell ita ce reshen Alpha. Na biyu, Beta, an buɗe shi a Jami'ar Howard da ke Washington a 1907. Gamma ya biyo baya a Jami'ar Virginia Union a wannan shekarar, sai Delta a Toronto ta Kanada a 1908. In haruffa suka ƙare, sai a fara haɗa biyu-biyu, har uku-uku. Saboda haka in ka ga mutum da sunan ƙungiya a gaban riga, da wasu haruffa daban a hannun riga, na biyun reshensa ne, kuma mai ido zai iya kintatar tsufan reshen daga harafin. Harafi ɗaya ne ba a bai wa kowace jami'a ba, wato Omega, na ƙarshe a jeri. In suka ce wani ya koma reshen Omega, rasuwa ya yi. Ka yi musu ta'aziyya.

Akwai kuma rassan tsofaffin ɗalibai a birane, na farkonsu a Louisville tun 1911. Nan ne ƙungiyoyin baƙaƙe suka bambanta da yawancin na Turawa: ba a gama makaranta a ajiye su. Za ka ga dattijo mai jikoki yana zuwa taro duk wata, yana biyan kuɗin shekara. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar hana wariya a makarantu a 1954, wanda ya zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙoli a 1967, ɗan Alpha Phi Alpha ne tun yana ɗalibi a Jami'ar Lincoln. Martin Luther King ya shiga a Boston a 1952, kuma ƙungiyar ce ta yi tsayin daka har aka gina masa wurin tunawa a Washington, aka buɗe a 2011.

Alpha Phi Alpha ɗaya ce daga cikin manyan ƙungiyoyin baƙaƙe tara, biyar na maza, huɗu na mata, waɗanda majalisarsu ta haɗin gwiwa ta fara a Howard a 1930. Kada ka ɗauka 'yan Afirka baƙi ne a cikinsu. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duka sun shiga Phi Beta Sigma lokacin da suke karatu a Amurka. Kamala Harris 'yar Alpha Kappa Alpha ce.

To, sai ladabin zama da su. Kada ka sa rigar da ke da haruffansu in ba ka ciki, ko da a shagon gwanjo ka tsince ta da araha. Kada ka kwaikwayi alamar hannunsu ko kirarinsu, ko da wasa. A wasu jami'o'i za ka ga benci ko dutse ko bishiya an shafa musu fentin launin wata ƙungiya. Wurinsu ne, nemi wani wajen zama. In kuma kana sha'awar shiga ɗaya daga cikin taran nan, ba a shelanta wa duniya. Halarci tarukansu na jama'a, ka yi aikin sa-kai tare da su, ka bari su san ka. Yawancinsu ba sa ɗaukar wanda bai kammala zango ko ɗaya ba, kuma sai makinka ya kai wani mataki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Suna ɗaya ne, tarihi ɗaya ne, amma halin rassa ya sha bamban. Wani reshen samari ne masu kamun kai, suna koyar da yaran unguwa, suna yi wa jama'a rajistar zaɓe. Wani kuwa, a wata jami'ar, an dakatar da shi saboda gwale-gwalen da ake yi wa masu neman shiga: duka, hana barci, tilasta shan giya. Majalisar haɗin gwiwar ƙungiyoyin baƙaƙen ta haramta tsohon salon ɗaukar mamba tun 1990, amma har yanzu akwai masu yi a ɓoye. A ɓangaren Turawa ma haka: a 2017 wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya mutu a gidan wata ƙungiya a Jami'ar Penn State bayan an ɗirka masa giya, ya faɗo daga kan matattakala, aka bar shi kwance sa'o'i ba a kira asibiti ba. A Disamban 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana ƙungiyoyin da aka kama da irin wannan laifi. Ka shiga shafin jami'arka ka nemi wannan rahoto, ka duba sunan reshen da ke harabarku. In ka ga an dakatar da shi amma yana ci gaba da taro a bayan gari, ka nisance shi.

Ka tuna kuma kai da biza kake zaune. Ba a yarda wanda bai kai shekara 21 ba ya sha giya a Amurka, kuma in 'yan sanda suka dira gidan da ake shagali, ɗan ƙasa zai kira mahaifinsa ya kira lauya, kai kuwa takardunka ne a kan siraɗi. Kuɗi ma akwai su: na shiga, na kowane zango, na sutura, na tafiya taro. Ka nemi a rubuta maka jimilla kafin ka ce to.

Ga Musulmi, ka yi tambayoyinka tun farko ba tare da jin kunya ba. Shin akwai wani abu a rantsuwar da ya saɓa wa aƙidarka? Za a matsa maka a kan giya? In taro ya ci karo da Juma'a ko buɗa-baki fa? Na san Musulmai a cikin waɗannan ƙungiyoyi da ake girmama sallarsu, na kuma san wanda ya janye tun a mako na farko. Ka tuntuɓi limamin masallacin jami'arku, ka kuma zauna da Musulmin da ke cikin reshen in akwai. Wasu ɗalibai Musulmai sun kafa tasu, Alpha Lambda Mu, wato Alif Lam Mim, a Jami'ar Texas da ke Dallas a 2013, ba giya a cikinta, kuma ta yi rassa a wasu jami'o'i.

Ni ban shiga ko ɗaya ba. Ƙungiyar ɗalibai Musulmai da ta 'yan Afirka sun ishe ni. Amma wanda ya gyara mini takardar neman aikina ta farko, ya zauna da ni sa'a biyu da jan biro a hannu, ɗaya ne daga cikin samarin nan masu baƙar riga da ruwan zinariya. Da Hajiya ta zo bikin kammala karatuna, na kai ta suka gaisa. Ya cire hularsa ya rusuna, ita kuma ta sa masa albarka da Hausa, ina fassara masa.