Babi na 6: Idan Hon ɗin Mota Ya Ƙi Yi

Darasi na 1: Fara da kunne

Ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka ja birkin hannu. Murɗa makulli har ƙananan fitilun gaban direba su kama, amma kada ka tayar da inji. Buɗe bonet, ka sa wani ya danna hon, kai kuma ka kasa kunne.

In ka ji shiru tsit, fara zargin fis. In ka ji ɗan ƙas-ƙas daga baƙin akwatin da ke kusa da batir, to rile ce ke motsi, wato ƴar na'urar da ke sakar wa hon wuta in an danna. Wuta ta iso can, galibi matsalar tana wajen wayar hon ko hon ɗin kansa. In kuwa ya yi kuka a shaƙe, galibi tsatsa ce, ko ruwan wanki ya shige shi. Motoci da yawa hon biyu gare su, sai ɗaya ya mutu ɗaya ya rage.

Darasi na 2: Fis

Kashe mota, ka zare makulli. Buɗe murfin baƙin akwatin, ka juya shi. A cikinsa akwai zane. Nemi haruffa huɗu: H, O, R, N, ko hoton ɗan ƙaho. Bi su da yatsa a hankali, ba a gaggawa a nan. Zaro fis ɗin da zanen ya nuna, ka ɗaga shi sama wajen haske. A tsakiyarsa akwai siririn ƙarfe. In ya tsinke, fis ya ƙone.

Karanta lambar da ke kansa. Mai 10 ja ne, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya. Lambar da ka cire, ita za ka mayar. Masu naɗa waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis, ku daina, haka ake ƙona wayoyin mota. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe.

Darasi na 3: Cire kan batir

Wannan darasin shi ne wanda aka fi yin tuntuɓe a kansa, don haka za mu daɗe a nan.

Batir kai biyu gare shi. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), yawanci da jan murfi. Ɗaya yana da alamar ragewa (–), yawanci baƙar waya. Kafin ka sa sifana a jikin hon, cire kan ragewa. Ragewa tukuna, ba tarawa ba.

Ga dalili. Wayar ragewa a ɗaure take da ƙarfen motar, wato duk jikin motar ragewa ne. In ka fara da tarawa, sifana ta zame ta taɓa ƙarfe, wuta za ta yi tartsatsi, sifanar ta yi zafi ta ƙone maka hannu, batir ma yana iya fashewa. In da ragewa ka fara, ko sifana ta taɓa ƙarfe babu abin da zai faru.

Ɗauki sifana mai lamba 10, ita ce ta fi shiga. Sassauta notin, ka girgiza kan, ka ɗaga shi, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa ba. Cire zoben azurfa da agogon ƙarfe kafin ka fara.

Kada launi ya ruɗe ka. A tsohuwar mota ƙura da baƙin mai sun rufe komai, wani ma an sauya masa wayoyi duka sun zama baƙaƙe. Goge saman batir da tsumma, ka nemo alamar da idonka. Layi ɗaya a kwance, shi ne ragewa. Layi biyu da suka gitta juna, tarawa.

Mu maimaita tare da baki: wajen cirewa, ragewa ce farko. Wajen mayarwa, ragewa ce ƙarshe. A sake faɗa. Wanda ya manta kada ya ji kunya, da yi ake gwanancewa, kuma hannun da ya saba da aiki ba ya daɗewa bai kama ba.

Amma fa Malam, in na zagayo na tarar da sifanarka a kan jan murfi bayan duk wannan bayani, ba mantuwa ba ce, ganganci ne. Kullum sai an sami mai cewa ai shi ya shekara yana yi haka lafiya lau. Sa'a ka yi ta ci. Ragewa tukuna.

Darasi na 4: Gwada hon

Hon yana bayan ragar gaban mota, gaban lagireto, wani kuma a ƙasan fitila. Kan ragewa a cire yake? Duba. To, zare soket ɗin, ka kwance noti ɗayan da ya riƙe shi.

Samo waya biyu. Ɗaya daga ragewar batir zuwa ƙafa ɗaya ta hon. In ƙafa ɗaya tak gare shi, haɗa wannan wayar da ƙarfen maɗaurinsa. Ta biyu daga tarawa, ka ɗan taɓa ɗaya ƙafar ka ɗauke. Kada bakin wayoyin biyu su haɗu. In ya yi kuka, lafiyarsa ƙalau: kankare tsatsar ƙafafun da maɗaurin da samfefa, ka mayar. In shiru, ya mutu.

Darasi na 5: Ɗaura sabo

Tafi kasuwa da tsohon a hannu, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna. Duba an rubuta 12V, mai 24V na manyan motoci ne. Harafin H mai siririyar murya ne, L mai kauri. Sa mai shago ya gwada a gabanka. In mai baki ne, bakin ya kalli ƙasa saboda ruwa. Ɗaure noti, mayar da soket, sannan kan ragewa. Danna.

Darasi na 6

In har yanzu shiru, saura rile da madannin sitiyari. Kada ka buɗe sitiyari mai jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare direba in an yi karo. Kai wa mai gyaran wayar mota.

Aikin gida: zana batir a littafinka, ka sa alamomin biyu, ka kewaye wanda ake fara cirewa.