Ridim ɗaya, mawaƙa da yawa: inda masu son dancehall ke tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ji waƙoƙi biyar a kan kiɗa ɗaya, ya ce wane ya saci kiɗan wane. A dancehall, salon kiɗan rawa na Jamaika, ba sata ba ce, tsarin sana'ar ke nan. Furodusa ne ke haɗa kiɗan, wato ridim, ya raɗa masa suna, sannan ya riƙa gayyato mawaƙa situdiyo kowa ya hau da muryarsa. Gasar tana wajen wa ya fi iya hawa.

Dubi ridim ɗin Sleng Teng. Asalinsa wani kiɗa ne da ke cikin ƙaramin kibod na Casio MT-40, wanda wata ma'aikaciyar kamfanin a Japan, Okuda Hiroko, ta tsara. Wayne Smith da Noel Davey suka tsinto shi, suka kai wa furodusa Jammy a unguwar Waterhouse da ke Kingston. A Fabrairun 1985 Jammy ya saka shi a karawarsa (gasar saka kiɗa a gaban jama'a) da ƙungiyar masu saka kiɗa ta Black Scorpio a titin Waltham Park, wurin ya rikice. Daga nan kiɗan na'ura ya mamaye situdiyoyi, an kuma ɗora waƙoƙi ɗaruruwa a kansa. Don haka idan waƙa ta burge ka, nemi sunan ridim ɗinta, ka saurari sauran waɗanda suka hau shi, sannan ka yanke hukunci.

Sunaye ma suna ruɗa mutane. Waƙar Sister Nancy ta 1982, "Bam Bam", a kan Stalag take, ridim ɗin da Winston Riley ya fitar a 1973. Ridim ɗin da ake kira Bam Bam kuwa na furodusoshi Sly da Robbie ne, shi ke ƙarƙashin "Murder She Wrote" ta Chaka Demus da Pliers. Har tsofaffin hannu suna faɗawa wannan rami.

Haka nan a Jamaika, mai zaɓen faifai shi ne selekta, dije kuwa shi ke riƙe da makirfo yana zuba magana a kan kiɗa.

Ga masu saka kiɗa a taro, babban aibi shi ne barin kowace waƙa ta kai ƙarshe. Amfanin ridim shi ne ka jero mawaƙa a kansa ba tare da ƙafar masu rawa ta tsaya ba: baiti ɗaya da amshi, sai ka shigo da na gaba. Ka ajiye wadda aka fi so sai jiki ya yi ɗumi. Mayar da waƙa farko kuma ba ado ba ne. Jama'a ne ke nemansa da ihu da ɗaga hannu. In ka yi shi babu wanda ya roƙa, ka kashe rawar da hannunka.

Sai maganar dubplate, inda mawaƙi ke sake rera waƙarsa musamman yana ambaton sunan ƙungiyar masu saka kiɗa da ta biya shi. Kada ka sauko da na wani daga intanet ka saka a karawa, domin sunan abokin hamayyarka ne zai fito daga lasifikarka, kamar ka je ɗaurin aure da rigar aro mai ita yana zaune a wurin.

A ganina ma rashin adalci ne a auna ridim da lasifikar waya. Nauyin Sleng Teng duk a bes yake, wato kaurin sautin ƙasa, waya kuwa ba ta iya fitar da shi. Nemi babbar lasifika ko abin kunne mai kyau kafin ka ce kiɗan ba shi da ƙarfi.