Yadda Ake Tantance Zargin Dangantaka Tsakanin Alƙali da 'Yan Siyasa a Shari'ar Zaɓen Shugaban Ƙasa

Duk lokacin da aka kai ƙarar zaɓen shugaban ƙasa kotu, kafin lauyoyi su gama shigar da takardunsu saƙonni sun cika wayoyin jama'a: wai alƙali wane surukin ɗan takara ne, wai matar wane jigo ce a jam'iyya mai mulki. A teburan masu shayi na Agege da Idi-Araba, da rumfunan 'yan gwari na Mile 12, akan yanke wa alƙalan hukunci tun kafin su zauna. Wasu daga cikin zarge-zargen suna da tushe, da yawa kuma ba su da shi, kuma mutum zai iya rarrabe su ko da bai taɓa karatun lauya ba.

Fara da sanin kotun da kuma waɗanda za su zauna. Sashe na 239 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara hurumin fara sauraron ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kuma a Abuja ake zaman, ba a reshenta na Igbosere da ke nan Legas ba. An saba naɗa alƙalai biyar, kamar yadda aka yi a 2023 ƙarƙashin Mai Shari'a Haruna Tsammani. Idan sunan da ake yawo da shi ba ya cikin biyar ɗin, to mai sunan ba shi da bakin magana a hukuncin. Amma a lura da shugaban kotun, domin shi ke zaɓo waɗanda za su zauna, saboda haka dangantakarsa abin dubawa ce ko da bai zauna da kansa ba.

Daga nan sai ka nemi ainihin dangantakar, ka kira ta da sunanta. Miji ne, ko ɗa, ko ƙanen mata, ko kuwa garinsu ɗaya kawai? A nan ne mafi yawan saƙonnin waya suke rushewa. Manyan alƙalai da manyan 'yan siyasa sukan fito daga makarantu ɗaya, sukan haɗu a ɗaurin aure da zaman makoki, kuma da za a ɗauki hoton biki a matsayin hujja, da ba a sami alƙali ɗaya da zai saurari ƙara a ƙasar nan ba. Ƙa'idojin ɗa'ar alƙalai da aka sabunta a 2016 sun tanadi, a doka ta 12, cewa alƙali ya janye idan za a iya shakkar adalcinsa bisa dalili mai ma'ana. Daga cikin misalan da suka kawo akwai inda shi, ko matarsa, ko wani danginsu yake ɗaya daga cikin masu shari'ar, ko yake lauya a cikinta, ko zai ba da muhimmiyar shaida, ko yana da wata moriya da hukuncin zai taɓa sosai. Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da cewa alƙali ba ya yanke hukunci don amfanin wanda ba a karɓar shaidar da zai bayar don amfaninsa, kamar mahaifinsa da ɗansa da matarsa.

Tambaya mafi wuya ita ce wadda ke biye: me ɗan'uwan nan zai samu ko zai rasa idan hukunci ya faɗa wannan ɓangare ko wancan? Shari'ar 2019 ita ce ta fi dacewa a yi nazari a kanta. Shugabar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta lokacin, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, ita ce ta jagoranci zaman ƙarar da Atiku Abubakar da PDP suka shigar a kan nasarar Muhammadu Buhari. Masu ƙara suka nemi ta janye, saboda mijinta Adamu Bulkachuwa zaɓaɓɓen sanata ne na APC daga Bauchi ta Arewa, ɗanta kuma ya nemi takarar gwamnan Gombe a jam'iyyar. A ranar 22 ga Mayu kotun ta yi watsi da buƙatar, bisa dalilin cewa mijin da ɗan ba sa cikin shari'ar, amma duk da haka ta janye don raɗin kanta. Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba, wanda ke shugabantar reshen kotun na Legas, shi ya maye gurbinta, kuma a ranar 11 ga Satumba aka tabbatar wa Buhari nasararsa. A ganina janyewar ta yi daidai ko da doka ba ta tilasta ta ba, domin kujerar sanatan ba ta rataya a kan hukuncin ba, amma jam'iyyar da ya tsaya a cikinta tana cikin waɗanda ake ƙara, kuma mai hankalin da ke kallo daga waje zai yi ɗari-ɗari. Maganar ta sake tashi a Yunin 2023, lokacin da sanatan ya faɗa a zaman bankwana na Majalisar Dattawa cewa ya sa baki wajen matarsa don taimakon abokan aikinsa, har shugaban majalisar Ahmad Lawan ya katse shi. Ita kuwa ta fito ta musanta cewa ta taɓa karya rantsuwar aikinta.

Kwatanta wannan da abin da ya faru a Amurka a shekarar 2000, inda ƙuri'u 537 na jihar Florida suka raba George W. Bush da Al Gore a zaɓen shugaban ƙasa. Ɗan Mai Shari'a Antonin Scalia na Kotun Ƙolin ƙasar yana aiki a kamfanin lauyoyin da ya tsaya wa Bush a Kotun Ƙoli, matar abokin aikinsa Mai Shari'a Clarence Thomas kuma tana aiki a wata cibiyar masu ra'ayin riƙau, tana tattara takardun masu neman muƙami a gwamnati mai zuwa. Babu wanda ya janye daga cikinsu, kuma a ranar 12 ga Disamba alƙalai biyar suka rinjayi huɗu aka dakatar da sake ƙidaya. Ɗan Scalia bai yi aiki a kan ƙarar ba, wannan ce hujjar masu kare shi, sai dai tazarar ƙuri'ar alƙali ɗaya ta sa har yau ana muhawara.

Kada ka jira a kawo maka shaidar cin hanci kafin ka ɗauki zargi da muhimmanci, kada kuma ka fassara janyewa da amsa laifi. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya bai wa kowa haƙƙin a saurare shi a kotun da aka kafa ta yadda za a tabbatar da 'yancinta da rashin son kai, kuma ma'aunin da kotuna ke amfani da shi shi ne ko mutum mai hankali, wanda ya san haƙiƙanin al'amarin, zai ga akwai yiwuwar karkata. Ba dangantakar jini kaɗai ke jawo haka ba. Bayan Moshood Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a unguwar Epetedo da ke Legas a Yunin 1994 aka tsare shi, maganarsa ta kai Kotun Ƙoli, inda lauyoyinsa suka nuna cewa alƙalai da dama na kotun suna ƙarar jaridarsa ta Concord kan ɓata suna. A 1995 alƙalan suka janye, waɗanda suka rage ba su kai adadin da za a zauna ba, shari'ar ta tsaya cik. Wannan ya nuna cewa janyewa ma tana da tsada, musamman a Kotun Ƙoli inda alƙalan ba su da yawa.

Game da wanda zai tayar da maganar kuwa, masu ƙara ko waɗanda ake ƙara ne ke da wannan dama ta bakin lauyoyinsu, ko dai ta wasiƙa zuwa ga shugaban kotun, ko ta buƙata a rubuce haɗe da takardar rantsuwa da ke zayyana dangantakar. Dole a yi da wuri. Sashe na 285 ya ƙayyade kwana 21 don shigar da ƙara bayan sanar da sakamako, kwana 180 don yanke hukunci, da kwana 60 don kammala ɗaukaka ƙara, kuma agogon ba ya tsayawa don ana jayayya kan alƙali. Wanda ya san da dangantakar ya yi shiru, sai da ya sha kaye ya tuna, kotu takan ɗauka ya yafe haƙƙinsa. Saboda haka idan kana da sahihin bayani, ka miƙa shi ga lauyoyin ɓangaren da abin ya shafa maimakon ka watsa shi a Facebook.

Talaka ma yana da ƙofa, ita ce Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda Alƙalin Alƙalan Najeriya ke shugabanta. Ana rubuta koke da suna da sa hannu cikin wata shida da faruwar abin, a haɗa da takardar rantsuwa, wadda mazaunin Legas zai iya yi a Babbar Kotun Ikeja. Ka rubuta abin da ka sani da inda ka samo shi, ka bar zato, kada kuma ka raba wa 'yan jarida kwafi, domin majalisar takan ƙi duba koken da aka fallasa. Abin da za ta iya shi ne ladabtar da alƙali, daga gargaɗi zuwa ba da shawarar a sauke shi, amma ba ta da ikon soke hukunci. Hukuncin Kotun Ƙoli shi ne na ƙarshe bisa sashe na 235, kuma a Fabrairun 2020, da aka nemi ta sake duba hukuncinta kan zaɓen gwamnan Bayelsa, ta ƙi, ta kuma umarci manyan lauyoyi biyu da suka jagoranci buƙatar su biya naira miliyan 30 kowannensu daga aljihunsu.